Ɗan Jarida Mai Neman Mafita: Tsakanin Kurkunu da Rikicin Bawku

Tun da aka kafa Solutions Journalism Network a Amurka a 2013, almajiranta ke nanata cewa matsayin ɗan jarida mai neman mafita ɗaya ne ko'ina: ya duba yadda aka tunkari matsala, ya kawo hujja, ya faɗi inda maganin ya gaza, kada ya zama ɗan kamfe. Arewacin Ghana na nuna cewa wannan ra'ayi bai cika ba.

A fannin lafiya babu gardama. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da cutar a 2015. Wakilin da ya bi ƙauyuka yana kallon mata suna tace ruwan tafki da ƙyalle yana da abin ƙirgawa, kuma babu mai goyon bayan tsutsa.

Rikicin sarauta daban ne. A Yendi an kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani II, a Maris 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari II, bayan doguwar sasantawa tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II. Masu wancan ra'ayi za su ce ga mafita mai hujja, a ba da labarinta domin Bawku, mai fama da nata rikicin sarautar, ta koya. To amma Abudu da Andani jikokin kaka ɗaya ne, karɓa-karɓar gadon sarauta suka yi jayayya a kai. Kusasi da Mamprusi na Bawku kuwa ƙabilu biyu ne, kowace na cewa sarautar garin tata ce. Mai gabatar da shirin da ya ce a makirufo "a bi hanyar Dagbon", kafin ya isa gida masu sauraro sun riga sun yanke masa ɓangare. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasar ta rufe gidajen rediyo huɗu a Bawku bisa dalilin tsaro.

Za a iya cewa wannan tsoro ne kawai, ba sauyin matsayi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa iƙirarin wannan rubutu ya tsaya ga rikicin sarauta, bai shafi rahoto kan jirgin fiton Yeji zuwa Makango ko hanyar Salaga ba. Sai dai inda kalmar "mafita" kanta ake faɗa a kai, da wuya a ce ɗan jarida mai auna sakamako ne kawai. Mai shiga tsakani ne, ko ya so ko ya ƙi, kuma masu horar da 'yan jarida a Akara da Tamale ya kamata su koyar da shi a haka.