Uba, ɗa da bindiga: abin da ƙasar Gobir ta gani

1/ Zare ne mai tsawo, a samu wuri a zauna.

A ƙasar Isa da Sabon Birni, daga Bafarawa har Gatawa, akwai shawarar da ta fara yawo. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 ya karaya: makaranta a rufe, gona ba ta zuwuwa, ya bar fita dandali, ko tuwo ba ya ci cikin mutane. Sai wani ya ce da uban, "Malam, ka nema masa bindiga, ya ji shi ma namiji ne."

2/ Ba zan zagi uban da ya saurari wannan magana ba. A watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ya ga wannan, tsoronsa na gaskiya ne.

3/ Hatta gwamnatin Zamfara, maƙwabciyarmu, a watan Yunin 2022 cewa ta yi jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa "ai gadonmu ne, Gobirawa mayaƙa ne, da makami ake renon ɗa." Mayaƙa kam, babu musu. Amma wane makami, kuma wa ake ba? Mu duba.

4/ A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara, ya kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima. Kufan birnin yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Ɗansa shi ne Bawa Jan Gwarzo, wanda har gobe in an ambace shi Bagobiri sai ya gyara zama.

5/ Ƙarfin Gobir na wancan zamani doki ne. Barde da lifidi, da sulke, da takobi, da mashi. Talaka kuma baka da kibiya mai dafi. In basarake zai nuna ɗansa ya isa, doki yake ba shi, da takobi, da rawani. Doki kuwa kyauta ce mai jawo mutane: sai da mai yankan ciyawa, da mai koya maka hawa, da abokan kilisa.

6/ A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kyautar da ta zamanin da, turo yaro take yi cikin jama'a.

7/ Shi kansa Bawa, ruwayar da aka fi yaɗawa ita ce baƙin cikin ɗansa da aka kashe a yaƙin Ɗankaishi da Katsinawa ne ya kwantar da shi har ya rasu. Sarkin da ake jin tsoro daga Zamfara har Azbin. Masu yi mana kirarin Bawa ba su cika kawo wannan ɓangaren ba.

8/ To ina bindiga a duk wannan? Akwai ta, amma ƙalilan. Kuma bindigar da ta fi kowace suna a tarihin Gobir ba ta yi wa mai ita rana ba.

Yunfa ɗan Nafata ya hau sarauta a farkon ƙarni na 19. Ana cewa da ƙuruciya ya yi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da zama ya yi tsami, ya kira Shehu Alkalawa.

9/ Malaman Sakkwato sun rubuta cewa a nan Yunfa ya ɗana bindiga ya harba, wutar ta dawo kansa ta ƙone shi, Shehu ko ƙwarzane. Jama'a sun lissafa wannan cikin karamomin Shehu. Maƙeri ma in ka tambaye shi zai ce maka bindigar ƙanƙara ta wancan lokaci, in albarushi ya yi yawa ko bakinta ya toshe, mai riƙe da ita take fara ci.

10/ Fabrairun 1804, hijira daga Degel zuwa Gudu. Yunin 1804, Tabkin Kwatto. Yunfa ya zo da barade masu lifidi da Azbinawa a kan raƙuma. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kusan 20 ne kawai. 'Yan baka ne suka ci wannan yaƙi. A 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Daular da ta fi kowace girma a yankin nan, da kibiya aka kafa ta.

11/ Ga wani abin da nake son labarinsa. A 1826 wani Bature ɗan ƙasar Sikotland, Hugh Clapperton, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, garin da Gobirawa suka maida hedikwata bayan Alkalawa. Ya ga yaƙin da idonsa, ya rubuta.

12/ Ya ƙiyasta mayaƙan Sakkwato dubu 50 zuwa 60, amma bindigoginsu ƙalilan ne. Cikin garin kuwa bindiga ɗaya tak ya ambata, wadda ta kayar da na gaba cikin masu lifidi daga kan dokinsa. Garin bai ciwu ba.

Ɗaya fa. A babban birnin Gobir.

13/ (Ya kuma ba da labarin wata tsohuwa, baiwa Bazamfara, da ke ratsa fagen daga a kan doki tana ba masu rauni ruwa. Ita ba wanda ya yi mata kirari.)

14/ Sauran a gurguje. 1836, Gawakuke: Bello ya ci Gobirawa da ƙawayensu, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarkinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Isa kuma ta zama garin tsaron iyaka na Sakkwato. Shi ya sa ƙasarmu take cike da sarakunan Gobir ta ko'ina.

15/ Sai a rabi na biyu na ƙarni na 19 bindiga ta fara yawaita, ta hanyar Tarabulus daga arewa, da ta Nufe daga kudu. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubbai, har igwa ake ƙera masa a Zinder. Kano ma ta tara nata.

Ga tambayar: wa sarakunan suka danƙa wa?

16/ Bayi. Bayin sarki. Su ake kira 'yan bindiga.

E, wannan kalmar da yau in ka ji ta a rediyo gabanka ke faɗuwa, asalinta sunan rundunar fada ne. Masanin tarihi Joseph Smaldone ya yi littafi guda kan yaƙi a daular Sakkwato, ya fito a 1977, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ya nuna.

17/ Dalili? Na farko, barade suna raina ta. A wurinsu makamin mai tafiya ƙasa ce, mai ɓuya bayan ganuwa. Na biyu shi ne na siyasa: bawa ba ya neman gadon sarauta, ɗan sarki yana nema. Sarki ya gwammace bindiga ta zauna a hannun wanda abincinsa da albarushinsa duk daga fada suke fitowa, a ƙirga ta, a san inda take kwana.

18/ Ko hakan bai hana ta yin ɓarna ba. A basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukur da Yusufawa, 'ya'yan gida ɗaya ne suka juya wa juna ita.

Ra'ayina: mutanen nan da suka rayu cikin yaƙi tun daga haihuwa har mutuwa sun fi mu sanin halin bindiga, kuma ba su maida ta abin lallashin yaro ba.

19/ Turawa ma sun san abin da suke yi. A yarjejeniyar Burasal ta 1890 suka haɗa kai kan hana sayar wa Afirka bindigogin zamani. Ranar 15 ga Maris 1903 suka iso Sakkwato da Maxim mai aman harsashi ɗaruruwa a minti. Dawaki da takubba ba su ko kai kusa ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar.

20/ Suka raba Gobir biyu: Tsibiri ga Faransa, Sabon Birni da Isa ga Ingila. Wannan iyakar da ta raba dangi, yau ita ce makamai ke ratsawa, musamman tun rushewar Libiya a 2011.

21/ Wani zai ce, "To maharba fa? Ba uba ke ba ɗa bindiga ba?" Gaskiya ne, nan kam akwai gado. Amma ku tambayi tsohon mahalbi, kamar yadda muke faɗi a Sakkwato, yadda abin yake tafiya.

22/ Yaro yana farawa da ɗaukar jaka da gora. Ya koyi sawu: wannan na gada ne, wannan na barewa, wannan na kura. Ya koyi iska, kada nama ya shinshino shi. Ya koyi yin shiru na awa da awanni. Ya riƙe baka. Ya ga ranar da aka dawo hannu rabbana, ya ga uban bai fasa tukunya ba. Bindiga ita ce ta ƙarshe.

23/ Kuma ba a ba shi ita don ransa ya ɓaci. Ana ba shi ne don an shekara ana kallonsa an ga ransa ba ya saurin ɓaci. Mahalbin da ya ga ɗansa yana zama shi kaɗai yana zancen zuci, rataye bindigar zai yi inda hannu ba ya kai.

24/ Sannan wace bindiga? Ta toka, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga. Ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna, ka sa harsashi, harbi ɗaya, shi ke nan sai ka sake daga farko. Kafin ka gama ɗuri, fushin ma ya sauka rabi. AK-47 kuwa harsashi 30 take ɗauka a gida ɗaya, nauyinta bai fi ƙarfin yaro ba, koyon ta ba ya buƙatar uba.

25/ Nan ne bambancin yake. Doki da baka da farauta suna ɗaure yaro da babba na shekaru. Wannan ta yanzu raba su take yi: daga ranar da ta shiga hannunsa, ba ya buƙatar kowa, kuma kowa na shakkarsa, har da wanda ya saya masa.

26/ Ƙasar da ta fi kowa gwada "saya masa bindiga ya warware" ita ce Amurka, mu leƙa can kaɗan.

Nuwamban 2021, garin Oxford a jihar Mishigan: uba ya saya wa ɗansa ɗan shekara 15 ƙaramar bindiga, kyautar Kirsimeti. Kwana huɗu tsakani ya kashe ɗalibai 4 a makarantarsu. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban, shekara 10 zuwa 15 kowanne.

27/ Satumban 2024, garin Winder a jihar Jojiya: yaro ɗan shekara 14, da doguwar bindigar da masu bincike suka ce uban ne ya ba shi kyauta. Ɗalibai 2, malamai 2. Washegari aka kama uban.

Ga kuma wanda ba a cika faɗi ba: fiye da rabin masu mutuwa ta bindiga a Amurka, su suka harbe kansu.

28/ Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min a rai. Yaron da ya karaya, mutum na farko da yake fushi da shi, shi ne kansa.

29/ Doka ma ba ta bar ƙofar ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga. Gwamnatin Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a 2021, gwamnatin Ahmed Aliyu kuma ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024. Ko me za ka ce kan aikinsu, wannan ita ce tsohuwar dabarar fada: bindiga a hannun manya, da rajista, da wanda za a tambaya.

30/ Na san masu cewa, "Kai kana birni kana rubutu, mu ake kashewa." Tsaron gari magana ce ta manya, kuma tana da wurinta. Amma tsaron gari daban, jinyar zuciyar yaro daban. Mai ba ɗan shekara 15 bindiga don ya daina zaman shiru, na biyun yake ƙoƙarin yi da kayan aikin na farko.

31/ In shirun ya yi tsawo, ba ya barci, ba ya ci, yana maganar gara ya mutu, wannan ciwo ne, sunansa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, nan kusa da Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne. In bai kai haka ba, kawu ko baffa da ke da shago a Sakkwato ko Maraɗi, ko maƙeri, ko tela, duk wanda zai ce masa "gobe da safe ina jiranka."

32/ Wanda kakansa ko wani tsoho a unguwarsu mahalbi ne, don Allah ya tambayo mana shi: Baba, shekara nawa ka yi kana ɗaukar jaka kafin a bar ka ka taɓa kunamar bindiga? A ajiye mana amsar a ƙasa, da sunan garin. Na fi son jin na mutanen Bafarawa, Isa, Gatawa da Tsibiri.