Makullin gwaji da ya shekara goma sha biyu a bakin ƙofa

Lokacin da aka kawo mana kwamfutocin gwanjo a makarantar da nake koyarwa nan Madarunfa, waɗanda suka biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, mun sayi ƙaton kwaɗo muka liƙa wa ɗakin, kowace kuma muka sa mata kalmar sirri. Ko ɗayanmu bai tambayi abin da ke faruwa a daƙiƙun farko bayan an danna maɓallin kunnawa ba. Ashe nan ƙofar gaske take.

Kafin Windows ya buɗe, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin allon na'urar, ita ke fara farkawa ta tashi sauran. Ɓarawon da ya shiga nan ya zama mai gida, ko an goge komai an sake zubawa yana nan daram. Shi ya sa a 2012, da fitowar Windows 8, kamfanin Microsoft ya wajabta tsarin Secure Boot a sababbin kwamfutoci: duk manhajar da za ta tashi sai ta nuna hatimi, hatimin kuma yana komawa ga babban makulli ɗaya da mai ƙera na'urar zai ɓoye.

Kamfanin AMI na Amurka, mai rubuta wannan manhaja, yakan ba masu ƙera kwamfuta makullin gwaji, da rubutu ƙarara a jikinsa cewa kada a yarda da shi, kada a fitar da shi kasuwa. Kowa ya kamata ya cire shi ya sa nasa. Da yawa ba su yi ba. A watan Yulin 2024 masu bincike na kamfanin Binarly suka bayyana cewa tun daga 2012 har zuwa 2024 ana sayar da na'urori da makullan gwaji a cikinsu, har da na Acer da Dell da Gigabyte. Suka sa wa matsalar suna PKfail. Abin da ya fi ba ni haushi, ɗaya daga cikin makullan ya ɓulla a dandalin GitHub a 2022, kalmar sirri mai harafi huɗu kacal ke tsare da shi, kuma samfurin na'urori fiye da 200 ne suka dogara gare shi.

Kada iyaye su ce wannan matsalar kayan araha ce. Bankuna suna ajiye makullan lambobin katin cirar kuɗi cikin wasu akwatunan tsaro na musamman masu tsada, amma a 2019 masu bincike biyu na kamfanin Ledger na Faransa sun nuna yadda suka kauce wa duba hatimin ɗaya daga cikinsu, suka dasa tasu manhajar ta zauna.

A ganina lissafin da aka gina tsarin a kai bai gaza ba. Sakaci ne irin na maginin da ya miƙa gida da kwaɗon da duk leburorinsa ke da makullinsa.

Kamfanoni sun fitar da gyara ga wasu samfurori. Kwamfutar gwanjo kuwa, wadda mai ita ya daina kula da ita tun kafin ta iso Maraɗi, da wuya gyara ya same ta. Namu na makaranta, da na kai biyu wurin mai gyara, ya tarar an ma kashe Secure Boot ɗin gaba ɗaya, kuma a cikinsu muke ajiye sakamakon jarrabawar yara.