Kalmar "Robust": Asalinta da Ma'anoninta

"Robust" siffa ce ta Ingilishi da ke yawan fitowa a jawaban jami'an gwamnati, rahotannin bankuna da labaran kiwon lafiya. Galibi akan fassara ta da "mai ƙarfi", sai dai wannan fassara ba ta ɗauke ma'anarta duka. Ainihin abin da take nufi shi ne ƙarfin da ke jure wuya ba tare da ya karye ba.

Kalmar ta shiga Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 16 daga "robustus" ta harshen Latin, wadda ita kuma ta tsiro daga "robur", sunan da Romawa ke kiran itacen oak mai tauri. Matsayin wannan itace a wurinsu ya yi kama da na ƙirya a ƙasar Hausa, wadda ake sassaƙa turmi da ita saboda ƙwarinta. A shekarar 1753, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa oak na Turai sunan kimiyya "Quercus robur". Daga wannan tushe ne kuma aka sami "corroborate", wato ƙarfafa magana da ƙarin shaida.

Ma'anar kalmar tana sauyawa gwargwadon abin da ta siffanta. Idan mutum ne, ana nufin ƙaƙƙarfa mai ƙoshin lafiya. Idan na'ura ce ko gini, ana nufin mai ƙarko. Tattalin arzikin da aka kira da ita shi ne wanda ke iya tsayawa da ƙafafunsa ko da farashin kayayyaki ya faɗi a kasuwar duniya, ita kuwa muhawara, zazzafa ce wadda ba a rufa-rufa a cikinta. A fannin ƙididdiga, George Box ne ya shigo da ita a 1953 domin siffanta hanyar gwajin da sakamakonta ba ya gurɓata ko da bayanan sun kauce wa abin da aka zata. Haka nan kofi nau'in robusta, wanda Biyetnam ta fi kowace ƙasa nomawa, ya fi nau'in arabika jure cututtuka.

Saboda haka, idan jami'i ya siffanta wani tsari da wannan kalma, ikirarin da yake yi shi ne tsarin zai ɗore a lokacin tsanani, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna maganarsa.