Yadda takin zamani ke sauya sinadaran abincin dabbobi

Ciyawar da aka zuba wa taki takan yi tsawo, ta yi kore shar, amma kyawun ido ba ya nuna abin da ke cikinta. Dabba tana samun kalsiyam da fosfarus da magniziyam ne daga abin da ta ci, kuma irin takin da aka zuba shi ke ƙara wasu, ya rage wasu.

Yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, tana hanzarta girman ciyawa irin su gamba da kyasuwa, ta ƙara musu furotin. Sai dai idan ta yi yawa, ciyawar kan danne tsirrai dangin wake da ke tsakaninta, alhali su ne suka fi kalsiyam da magniziyam. Haka kuma dawa ko masarar da ta sha yuriya sannan fari ya same ta, takan tara sinadarin naitiret, wanda ke hana jini ɗaukar iska, har ya kashe dabba cikin sa'o'i kaɗan.

Fotashiyam, ɗaya daga cikin sinadarai uku na takin kamfa, yana gasa da magniziyam a saiwar tsiro da kuma a tumbin dabba. Idan ya rinjaya, magniziyam kan ragu a jini, saniya ta kama makyarkyata da tangaɗi, ta faɗi. An fi sanin wannan ciwo a Turai da Amurka, kuma ya fi kama shanun da ke shayarwa.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa, babbar matsalar ita ce ƙarancin fosfarus a ƙasa. Alamarsa a dabba ita ce rama, jinkirin ɗaukar ciki, da tauna ƙashi ko itace. A nan takin sufa ke da amfani, domin ban da fosfarus yana ɗauke da kalsiyam da farar wuta, kuma gyada da wake suna karɓarsa sosai, wanda hakan ke kyautata harawarsu. Masana sun fi son kalsiyam ya kai daidai da fosfarus, ko ya ninka shi sau 2, a abincin shanu da tumaki.

Wannan ma'auni ya shafi mai turka ragon layya a gida. Dusa tana da fosfarus mai yawa da kalsiyam kaɗan, kuma yawanta ba tare da harawa ba yana iya jawo wa rago tsakuwar mafitsara. Kanwa da gishiri suna ba da sodiyam, amma ba sa maye gurbin fosfarus.

Mai noman ciyawa zai kyauta ya gwada ƙasarsa kafin ya sayi taki, ya raba yuriya kashi-kashi, ya haɗa da takin gargajiya, sannan ya nemi shawarar malaman gona ko cibiyar binciken kiwo ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya.