Yaro Ɗaya, Bakuna Uku a Dakoro

Tun kafin Faransawa su kafa ofishin mulki a Dakoro, yaron da ya kai shekara uku bai ce "Inna" ba yana da masu duba shi, kuma bakinsu bai cika zuwa ɗaya ba. Malam ya ce shafar aljanu ce, ya yi tofi, ya wanke allo ya ba da rubutu a sha. Boka ya ce sammu ne, ya haɗa saiwa da hayaƙi. 'Yan bori, waɗanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi a kansu a ƙasar Maraɗi a 1972, su kan ce wata iska ce ke neman haƙƙinta. Tsofaffi kuwa, cikin raɗa, su ce ɗan ruwa ne.

Iyaye ba sa zaɓen ɗaya su watsar da saura. A gwada na malam, in ba a dace ba a wuce gaba. Dabara ce mai cin akuya da hatsi, amma ba wauta ba ce, domin uwa tana auna kowane magani da abin da idonta ya gani.

A can Amurka, sai a 1943 likita Leo Kanner ya bayyana galahanga (autism), larurar da ita ma kan jinkirta maganar yaro, bayan ya lura da yara 11 masu kauce wa ido, masu maimaita abu guda. Likitoci ma sun yi ta ja-in-ja. An daɗe ana ɗora laifin a kan sanyin halin uwa kafin a yi watsi da zancen, kuma a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗe nau'in galahanga da ake kira Asperger da sauran nau'o'inta a rukuni guda.

Dakoro ta ga aikin likita gadan-gadan a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. A ɗora yaro a sikeli, a zagaya masa ɗan ma'auni mai launi a dantse: in ya nuna ja, magana ta ƙare. Galahanga ba ta da irin wannan ma'auni, ba ta fitowa a gwajin jini. Sai an zauna an kalli yaro yana wasa, an kira sunansa an ga ko zai waiwayo, an tambayi uwa yaushe ya fara nuni da yatsa.

Shi ya sa ma'aikacin asibiti zai ce kurumta ce, wani a Maraɗi ya ce jinkirin magana, na Yamai ya ce galahanga. A yankin da sanƙarau ya yi ɓarna a 1995, kuma zazzaɓin cizon sauro ke taɓa ƙwaƙwalwar yara kowace damina, mai zargin kunne ba shirme yake ba. Gwajin ji ya kamata a fara yi, sannan a koma wurin likita guda bayan wasu watanni, tare da wanda ya fi yini da yaron, ko da kaka ce.