Masu Gida a Bakin Manoma: Yadda Arewacin Kano Ke Tuna Tsofaffin 'Yan Wasan Pillars

Wanda ya zauna a teburin mai shayi a Bichi ko Ɗambatta bayan sallar isha'i, ko a wata majalisa a ƙauyukan Makoɗa da Kunci, ba zai daɗe ba sai hira ta gangaro kan ƙwallo. Matasa za su fara da Arsenal da Real Madrid. Amma da zarar wani mai furfura ya sa baki, sai zance ya koma kan Kano Pillars, a shiga musun da ba ya ƙarewa: wane ne ya tsare raga a shekarar da aka fara cin kofi, wane koci ne ya ci biyu a jere, tsakanin Gambo da Rabi'u wa ya fi amfani ga ƙungiya. Da yawa daga cikin masu wannan musu sau ɗaya ko biyu suka taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu ma ba su taɓa ba. A akwatin rediyo suka san 'yan wasan, da kunne, kuma da baki suke riƙe da tarihinsu.

Wannan yanki yana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu, kuma tun zamanin da jakuna ke ɗauko taki daga birni su koma da itace da hatsi, ƙauye da birni a ɗinke suke. Labarin ƙwallo ma ta wannan hanya ya bi: ɗan ci-rani da ya yi watannin rani a Fagge ko Sabon Gari, direban da ke jigila zuwa kasuwar Dawanau, ɗalibin da ya dawo hutu. Kowa ya zo da guntun abin da ya gani, rediyo ta cike sauran.

Tun kafin a haifi Pillars akwai abin tunawa. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, kuma wannan ne karo na farko da kofin ya bar Legas tun da aka fara gasar a 1945. Sai Raccah Rovers, wadda ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978. Sunan Raccah ba baƙo ba ne ga manomin arewacin Kano, domin Saul Raccah, ɗan kasuwa Bayahude daga Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano a zamanin Turawa. Abin da ke da ɗan ban tausayi shi ne, lokacin da ƙungiyar mai ɗauke da wannan suna ta kai ƙololuwa, gyaɗar kanta ta riga ta durƙushe: farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, dalar gyaɗa kuma tana shuɗewa. A wannan shekara ta 1978 ne Raccah Rovers ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana sanye da rigar baƙin, aka tashi 2 da 1 baƙi na da nasara. Dattijon da ya kawo wannan labari a majalisa yakan sha musu daga yara, domin su Pele ɗaya suka sani a Kano, kuma za a zo kansa.

An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Golden Stars, da Bank of the North. Biyu daga cikin sunayen nan mutanen karkara sun san su ta wata fuskar da ba ta ƙwallo ba. WRECA ita ce hukumar ruwa da gine-gine ta jihar, mai aikin madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai da Tomas a wajen Ɗambatta, waɗanda noman rani ya dogara da su har yau. Bankin Arewa kuwa dogon beninsa ne ke yi wa mai shigowa birni maraba. Shekara ɗaya da kafuwa, a 1991, sabuwar ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Daga nan sai dogon jira, har da faɗawa ƙaramin rukuni da dawowa. Sunayen wannan zamani, irin su Ahmed Garba Yaro-Yaro da mai tsaron raga Abiodun Baruwa, su ne suka fi fuskantar haɗarin ɓacewa, domin sun yi wasa kafin wayar hannu da bidiyo su yawaita. Abin da ya rage daga gare su yana cikin kawunan mutanen da yanzu suka haura hamsin.

Akwai wata ɗabi'a ta manomi wajen riƙe lokaci: ba ya cewa watan kaza na shekara kaza, sai ya ce ana sharar gona, ko gero ya fara fitar da kai. Da wannan ma'auni ake tuna manyan ranakun Pillars, kuma idan aka gwada da kalanda sai a tarar bai cika kuskure ba. Kofin lig na farko ya zo a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana. Amma abin da ya fi zama a zukata shi ne bazarar 2009, ana tsakiyar zafi ana jiran ruwan shuka, lokacin da Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta cin sa a nahiyar. An yi 1 da 1 a Kano, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje. Kocin lokacin Bature ne ɗan Slobeniya, Ivo Sajh, kuma sunan Victor Namo, wanda ya yi ta zura ƙwallaye a wannan gasa, ya shiga bakin yara har a ƙauyukan da ba su da lantarki. Pillars ta zo ta ɗaya a rukunin da ke da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya. Da kaka ta yi, ana yankan gero an fara duban dawa, sai tafiyar ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, kuma ba a hannun Larabawa ba: Heartland ta Owerri ce ta ci 4 da nema a gidanta, ta zo Kano ta ƙara ɗaya. Har yau masu tuna Alƙahira sukan yi sauri su wuce wannan gaɓa.

Ana yi wa ƙungiyar kirari da Sai Masu Gida, amma wanda ya bi jerin gwarazanta zai ga rabinsu baƙi ne da gida ya karɓa. Theophilus Afelokhai, wanda ya shafe shekaru yana tsaron raga har ya riƙe kyaftin, mutumin Edo ne. Ahmed Musa a Jos aka haife shi. Ya zo Kano yana matashi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, sannan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga can CSKA Moscow da Leicester. Shehu Abdullahi daga Sakkwato ya zo. Kofuna uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, biyun farko Baba Ganaru ne ya ciyo su, na ukun Okey Emordi. Sai Chinedu Udoji, mai tsaron baya, wanda ya rasu a haɗarin mota a Kano a watan Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Jimamin da aka yi masa a Kano bai tambayi garinsu ko addininsa ba. A jihar da ta sha ganin rikici tsakanin ɗan gari da baƙo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake bai kamata a ɗora wa ƙwallo nauyin da ya fi ƙarfinta ba: filin Ƙofar Mata ɗin nan ya sha rufewa da tara saboda tarzomar 'yan kallo.

'Yan gida na asali kuwa, biyu ne ba a raba su a hira. Gambo Mohammed ɗan wasan gaba ne, kuma yana cikin 'yan wasan cikin gida da Stephen Keshi ya tafi da su Brazil gasar Kofin Nahiyoyi a 2013. A watan Maris na 2015, ƙungiyar na kan hanyar zuwa Owerri wasan buɗe kaka, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo. Masu lissafin baya sukan ce daga ranar nan ne zamanin ya fara juyawa, kuma suna da hujja: a cikin markar wannan shekara, watan Agusta, Nasarawa United ta zo Kano ta ci 2 da 1, ta kawo ƙarshen shekara 12 da Pillars ta yi ba a doke ta a gida ba a wasan lig. Na biyun shi ne Rabi'u Ali, Pelen Kano, ɗan wasan tsakiya mai bugun tazara, wanda yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo ranar da Nijeriya ta farke 3 da nema ta doke Maroko 4 da 3 a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014. Shi bai tafi Turai ba, ya ci gaba da buga wa Pillars har ya haura shekara arba'in. Manomin da ya gaji gonar ubansa bai sayar ba ya san darajar irin wannan zama.

Ranar da ta fi kowace ciwo ita ce ta Asaba, a watan Oktoban 2018, wasan ƙarshe na kofin Aiteo da Enugu Rangers. Pillars na gaba da ci 3 da nema, saura ƙasa da minti goma sha biyar a tashi. A gidajen kallo na ƙauye, inda ake biyan kuɗin shiga don a sayi man janareta, wasu sun riga sun fita sun fara murna. Rangers ta farke ukun duka, ta ƙarshe a cikin ƙarin lokaci, sannan ta yi nasara a bugun fenareti. Da damina ta zagayo, a watan Yulin 2019, koci Ibrahim Musa ya sake kai su wasan ƙarshe a Kaduna, suka doke Niger Tornadoes a bugun fenareti bayan an tashi ba ci. Wasu na lissafa shi kofin farko, wasu na cewa na biyu, idan an haɗa da na 1953. Duk da haka, a majalisa an fi ba da labarin Asaba dalla-dalla fiye da na Kaduna.

Gidajen kallon nan su ne suka sauya lissafi. Tun da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, tauraron ɗan'adam kuma ya isa garuruwa irin su Bichi da Minjibir, yaron ƙauye ya fara ganin ƙwallon Ingila da idonsa kowane mako, alhali Pillars sai dai ya ji ta. Yau akwai matashin da zai jero 'yan wasan Chelsea na 2012 ba tuntuɓe, amma bai san wanda ya tsare ragar Pillars a wannan shekarar ba. Ƙwallon Turai tana da ma'ajiya: kowane wasa a rubuce yake, kowace ƙwallo tana intanet. Ta gida kuwa, musamman ta kafin 2008, mafi yawanta a ƙwaƙwalwar mutane take, shi ya sa musu kan wanda ya ci ƙwallo a wani wasa na 1996 yakan ƙare ne da wanda ya fi ɗaga murya ko ya fi shekaru.

Pillars ta sake faɗawa ƙaramin rukuni a 2022, ta dawo a 2023. A 2024 Ahmed Musa, wanda ya taɓa dawowa na ɗan lokaci a 2021, ya sake sanya rigar, Shehu Abdullahi ma ya dawo, suka tarar da Rabi'u Ali yana nan inda suka bar shi. A 2025 gwamnatin jihar ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar. Yaran da aka haifa a shekarar Alƙahira, waɗanda yanzu su ne ke riƙe da garma a gonakin Tsanyawa da Dawakin Tofa, a wannan karon ne suka fara ganin mutanen nan uku a fili ɗaya, a allon wayar hannu.