Yadda Jibo Bakari ya rasa majalisa a 1958

Mai karatu, in kana da dattijo a gida nan Madarunfa, tambaye shi zamanin "I" da "A'a". Ga yadda abin ya faru.

A watan Maris na 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa mai kujeru 60. Ɓangaren Jibo Bakari, wanda aka sani da Sawaba, ya samu 41. RDA ta Diori Hamani ta samu 19. To amma ka lura da wannan: kujerun Jibo ba duka nasa ba ne. Ya haɗa kai ne da wata jam'iyya, BNA, mai goyon bayan sarakuna. Su suka cika masa lissafi. Ƙarfin aro ke nan.

Sai Janar Dagol na Faransa ya kawo tambaya a 1958: ku zauna tare da mu, ko ku ɗauki ƴancin kai nan take? Jibo ya ce a jefa "A'a". Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani. Bai tsaya gardama da Jibo ba, wajen sarakuna ya nufa. Da ma ransu a ɓace yake, don gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu daga cikinsu. Ɗaya bayan ɗaya abokan tafiya suka janye.

Labari kuma fa? Jaridun lokacin da Faransanci ake buga su, talaka ba ya karanta su. Jaridar Sawaba ta gaskiya ita ce bakin direbobi, ƴan tasha da ƴan kasuwa, daga Maraɗi zuwa Tasawa har Damagaram. Gwamna kuwa yana da kumandan, da motoci, da sarki mai aika saƙo kowane ƙauye. A ganina nan aka kada Jibo, tun ba a buɗe akwati ba.

Ran 28 ga Satumba "I" ta samu wajen kashi 78 cikin 100. Jibo ya sauka, aka rushe majalisa. Bayan zaɓen Disamba, Diori ya zama shugaban gwamnati. Kujerun da Sawaba ta ci a Tasawa da Damagaram ma soke su aka yi.

A 1959 aka hana jam'iyyar baki ɗaya, magoya bayanta da yawa suka ƙetare iyaka zuwa Katsina da Kano. A 1960 gwamnati ta fara buga jaridarta, Le Temps du Niger, wadda ta koma Le Sahel a 1974.